Hunainu ɗan Is'haƙu, likitan da ya fassara littattafan magabata

Malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu, maza da mata, na Tsarnawa da Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, da duk inda wannan takarda ta sauka, muna gaishe ku da ƙoƙari.

Yau za mu ba ku tarihin wani likita. Sunansa Hunainu ɗan Is'haƙu. Ya rasu fiye da shekara 1,150 da suka wuce, a ƙasar Iraƙi. A zamaninsa ilimin magani yana kulle cikin harshen Yunananci, harshen mutanen Girka. Larabawa ba su jin wannan harshe. Hunainu ya koye shi, ya ƙare rayuwarsa yana juya littattafan magani zuwa harsunan da mutanen ƙasarsa suke ji. Ku karanta a hankali. Wanda ya fi gwanancewa ya karanta wa na kusa da shi.

Garinsu da gidansu

An haifi Hunainu wajen shekara ta 809 ta Miladiyya, wato 194 ta Hijira. Garinsu Hira, kusa da Kufa. Danginsa Larabawa ne Kirista. Ubansa, Is'haƙu, mai haɗa magunguna ne yana sayarwa. Saboda haka tun yana yaro ya saba da ganin sassaƙe da saiwoyi da ma'auni.

Ya tashi da harshe biyu. Na farko Larabci, harshen gari da kasuwa. Na biyu Suryaniyanci, harshen da Kiristocin Iraƙi suke ibada da karatu da shi. Shi ma ɗan'uwan Larabci ne, amma haruffansa daban.

A lokacin nan Bagadaza ita ce babban birnin daular Abbasiyawa. Halifa Mansur ya kafa ta a 762. Takarda ba ta daɗe da shigowa birnin ba. Da can a kan fata ake rubutu, ko a kan wata irin takardar ciyawa ta Masar. Da takarda ta samu, littafi ya yi araha, masu neman ilimi suka yawaita.

Malami ya kore shi

Hunainu ya tafi Bagadaza neman ilimin likita. Ya zauna gaban wani babban malami, Yuhanna ɗan Masawaihi, likitan fada. Yaron yana da yawan tambaya. Aka karanta layi ɗaya, sai ya ce me ake nufi, kuma don me.

Masu tarihi sun ce wata rana tambayar ta ishi malamin, ya fusata. Ya ce masa mutanen Hira ba su da rabo a ilimin likita, ya je bakin hanya ya yi canjin kuɗi irin na mutanen garinsu. Kun san sana'ar, irin ta masu canjin naira da sefa a Ƙonni. Sana'a ce ta halal, amma malamin ya faɗa ne don ya ci masa fuska. Yaro ya fita yana kuka.

To, ku duba abin da ya yi. Bai koma gida ya zauna ba. Ya lura cewa shi da malaminsa duka fassara suke karantawa, tushen littattafan kuwa da Yunananci yake. Sai ya ƙudura zai je ga tushen. Ya bar Bagadaza ƴan shekaru yana koyon Yunananci, har ya haddace waƙoƙinsu na da.

Da ya komo, wani babban likita mai suna Jibrilu ɗan Buhtishu ya ga fassararsa, ya yi mamaki, ya jawo shi a jika. Hunainu da kansa ya rubuta cewa yana ɗan shekara wajen 17 ya yi wa Jibrilu fassarar wani littafi. Malamin da ya kore shi ma ya ga aikin. Ya nemi su shirya, suka shirya. Daga baya har ya rubuta wani ɗan littafin hikimomin likita saboda shi.

Kai da ka shiga aji kana da furfura, watakila an yi maka dariya, an ce karatu ya wuce ka. Ke ma watakila an ce miki mace da goyo me za ta yi da alli. Ku tuna da yaron Hira. Mai tambaya ba ya ɓata.

Littattafan da ya tarar

Wane ne ya rubuta littattafan da Hunainu ya fassara? Manyansu biyu ne.

Na farko Buƙrat, wanda Turawa suke kira Hippocrates. An haife shi a wani tsibiri na Girka wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Shi da almajiransa sun koyar cewa likita ya dubi majiyyaci da kyau, ya lura da abincinsa da ruwan shansa da iskar garinsu.

Na biyu Jalinus, wanda Turawa suke kira Galen. An haife shi a 129 a garin Bargama, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ya fara da ɗinke raunukan ƴan dambe masu faɗa da takobi a filin wasa. Daga baya ya zama likitan sarkin Rum. Yana feɗe birai da aladu don ya ga yadda jijiyoyi da ƙasusuwa suke. Ya rubuta littattafai masu yawan gaske.

Tsakanin rasuwar Jalinus da haihuwar Hunainu akwai shekara wajen 600. A cikin waɗannan shekaru da hannu ake kwafar littafi. Wani ya kwafa daga wani, shi ma wani ya kwafa daga gare shi. Mai kwafa yakan tsallake layi. Gara takan ci shafi. Ruwa yakan wanke tawada. Haka littattafan suka iso hannun Hunainu, wasu da giɓi, wasu da kurakurai.

Yadda yake aiki

Mun san yadda yake aiki domin shi ya faɗa da kansa. Ya rubuta wata doguwar wasiƙa zuwa ga wani bafade mai son ilimi, Ali ɗan Yahaya. A cikinta ya lissafta littattafan Jalinus 129. Kowanne ya faɗi abin da yake ciki, da wanda ya fassara shi, da wanda aka yi wa fassarar, da ko ta yi kyau ko ba ta yi ba. Shi kansa ya juya wajen 95 zuwa Suryaniyanci, wajen 39 kuma zuwa Larabci. An sami kwafin wannan wasiƙa a wani ɗakin littattafai na birnin Santambul, wani masani Bajamushe ya buga ta a 1925.

Ga abu uku da muka koya game da aikinsa.

Na ɗaya, ba ya dogara da kwafi guda. Yakan tara kwafi biyu ko uku ko fiye na littafi ɗaya, ya jera su, ya bi su layi layi. Inda suka saɓa, ya auna wanne ne daidai. Sai ya sami rubutu guda ingantacce, sa'an nan ya fara fassara. Akwai wani littafi da ya fassara yana ɗan shekara 20, daga kwafi mai kurakurai da yawa. Da ya kai wajen shekara 40 ya sami wasu kwafin, sai ya koma ya gyara aikin nasa na ƙuruciya, ya kuma bayyana haka a rubuce don kowa ya sani.

Ku da kuke koyon haruffa kun san dalili. Ƴar lanƙwasa guda ta raba kaya da ƙaya. Ita ta raba bari da ɓari. A Larabci da ajami ɗigo guda yakan sauya harafi. To, in kuskuren ya faɗa kan sunan magani ko awonsa fa? Rai ne a ciki.

Na biyu, ba ya fassara kalma da kalma. Wani malami mai suna Safadi, wanda ya rasu a 1363, ya ce masu fassara iri biyu ne. Wasu sukan ɗauki kalmar Yunananci guda su nemi ta Larabci guda su ajiye, su wuce ta gaba, har layi ya ƙare. Irin wannan fassara takan fito ba kai ba gindi. Wasu kuwa sukan karanta jimla duka, su gane abin da ake nufi, sa'an nan su faɗe shi yadda Balarabe zai faɗa. Ya ce wannan ta biyu ita ce hanyar Hunainu, kuma ita ta fi.

Ga misali daga harshenmu. Mace ta je gidan likita ta ce zuciyarta tana tashi. Kowane Bahaushe ya san amai take ji. In tafinta ya juya maganar kalma da kalma, baƙon likita zai zaci ciwon zuciya ne. Ko uba ya ce ɗansa yana da shawara. Mu mun san idon yaron ne ya yi rawaya. Tafintan da bai ƙware ba sai ya ce yaro ya zo da nasiha. Kun ga dole mai fassara ya san harsunan biyu, ya kuma san aikin da ake magana a kai. Hunainu ya san harsunan, ga shi kuma likita.

Na uku, ba shi kaɗai yake aiki ba. Ya horar da ɗansa, wanda ya sa wa sunan ubansa Is'haƙu, da ɗan ƴar'uwarsa Hubaishu, da wani almajiri Isa ɗan Yahaya. Sau da yawa shi zai juya littafi zuwa Suryaniyanci saboda likitoci Kirista, su kuma su juya shi zuwa Larabci, ya bi ya duba. Masu kuɗi da masu mulki Musulmi suna biyan aikin. An rubuta cewa wasu ƴan'uwa uku masana, da ake kira ƴaƴan Musa, suna kashe wajen dinari 500 kowane wata a kan masu fassara. Musulmi da Kirista suka haɗa hannu, ilimi ya ƙaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tafiya saboda littafi guda

Akwai wani littafin Jalinus da ake kira Littafin Hujja, mai koyar da yadda ake tabbatar da gaskiyar magana. Ba a sami cikakkensa a Bagadaza ba. Hunainu ya tashi nemansa. Ya bi arewacin Iraƙi, ya shiga Sham, ya ratsa Falasɗinu, ya kai Masar har birnin Iskandariyya. Ba mota, ba jirgi, sai dabba da ƙafa. Duk wannan tafiya bai sami kome ba sai a Dimashƙu. Can ma wajen rabin littafin ya samu, shafuffukan a hargitse. Ya kawo abin da ya samu ya fassara. Abin da bai samu ba, bai ƙirƙira ya cike ba.

Sunayen itatuwa

Ga wata wahala kuma. Wani likitan Girka mai suna Diyusƙuridis ya rubuta babban littafi a kan itatuwa da tsirran magani, wajen iri 600. Wani mai suna Istifanus ɗan Basil ya juya shi zuwa Larabci, Hunainu ya duba ya gyara. Sai suka tarar da sunayen tsirrai da yawa waɗanda ba su san takwaransu a Larabci ba. Suka bar sunan Yunanancin yadda yake, suka rubuta shi da haruffan Larabci, don wani mai sani ya zo daga baya ya bayyana.

Haka kuwa aka yi. Bayan shekara wajen 100, a birnin Ƙurɗuba na Andalus, cikin ƙasar Sifen ta yau, likitoci suka zauna da wani malamin Kirista mai jin Yunananci, wanda ya iso a 951. Suka bi tsirran suna gane su ɗaya bayan ɗaya.

Ku auna da kanku. A ce wani baƙo yana rubuta littafi a kan itatuwanmu, ya rikita sabara da tumfafiya, ko kalgo da zaƙami. Wanda ya bi littafin nan zai cutu. Gara a bar wuri fili da a cike shi da zato.

Sarki ya nemi guba

Sunan Hunainu ya kai fada. Halifa Mutawakkilu, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861, ya kira shi. Wani likita mai rubuta tarihin likitoci, Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, shi ya kawo labarin abin da ya faru.

Halifa ya yi masa kyauta mai yawa. Sa'an nan ya ce yana da wani maƙiyi da yake so ya kashe a ɓoye, Hunainu ya haɗa masa guba. Hunainu ya amsa cewa shi magunguna masu amfani kaɗai ya koya. Halifa ya yi masa alkawarin dukiya, ya ƙi. Ya tsorata shi, ya ƙi. Sai aka kulle shi shekara guda. A cikin kurkukun ma bai daina karatu da rubutu ba.

Da shekara ta cika aka fito da shi. Aka ajiye dukiya a gefe ɗaya, takobi a gefe ɗaya, aka ce ya zaɓa. Ya tsaya kan maganarsa ta farko. Nan Halifa ya yi murmushi, ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, jarrabawa ce. Sarakuna suna tsoron a haɗa kai da likitansu a kashe su, shi ya sa ya so ya san irin mutumin da zai ba amanar jikinsa.

Ya tambaye shi abin da ya hana shi. Hunainu ya ce abu biyu ne, addininsa da sana'arsa. Addininsa ya umarce shi ya kyautata ko ga maƙiyi. Sana'arsa kuwa an kafa ta ne don amfanin mutane, kuma likitoci sun yi rantsuwa ba za su ba kowa maganin kisa ba. Wannan rantsuwa tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da ake danganta wa Buƙrat. Har yau a ƙasashe da yawa sababbin likitoci sukan yi rantsuwa mai kama da ita ranar da suka gama karatu.

Wahalarsa ba ta ƙare nan ba. Wasu likitocin fada suka yi masa hassada, suka haɗa shi da Halifa. Aka yi masa bulala, aka sake kulle shi wata shida, aka ƙwace littattafan da ya sha wuya wajen tarawa. A cikin wasiƙar nan tasa ya ambaci rashin littattafansa. Daga baya aka sake shi, aka mai da masa da matsayinsa, ya ci gaba da aiki. Ya rasu a 873, wato 260 ta Hijira.

Littattafan da ya rubuta da kansa

Ban da fassara, Hunainu ya wallafa nasa littattafai. Biyu sun fi shahara.

Na farko a kan ido ne, babi goma. Ya yi shekara wajen 30 yana rubuta su kafin ya haɗa su wuri ɗaya. Ya bayyana sassan ido, da cututtukansa irin su yanar ido da amodari, da magungunan da aka sani a lokacin. Zanen cikin ido da yake cikin kwafin wannan littafi yana daga mafi tsufa da aka sani a duniya. An buga littafin a Alƙahira a 1928.

Na biyu don masu fara koyo ya yi shi. Tambaya ce da amsa, tambaya da amsa, don ɗalibi ya riƙe da sauƙi. Hubaishu ya ƙarasa shi. Bayan shekara wajen 200 aka juya shi zuwa Latin, harshen malaman Turai na wancan zamani, a ƙasar Italiya. Suka kira marubucin Johannitius. Ɗaruruwan shekaru ɗaliban likita a Turai da shi suke fara karatu.

Wani abin lura kuma. Jalinus yana da babban littafi a kan feɗe jiki, kashi 15. Shidan ƙarshe sun ɓace da Yunananci. Da Larabci kaɗai suka tsira, cikin fassarar Hubaishu wadda Hunainu ya duba. Ba don su ba, da ba wanda ya san abin da yake ciki.

Na baya sun gyara na gaba

Kada ku ɗauka duk abin da yake cikin tsofaffin littattafan nan gaskiya ne. Jalinus ya ce lafiya tana rataye ne ga ruwa huɗu na jiki: jini, majina, ɗacin rawaya da baƙin ɗaci. Ya ce akwai ƴan ƙofofi a bangon tsakiyar zuciya inda jini yake bi. Duka biyun ba haka ba ne.

Amma da yake an fassara littattafan daidai, likitocin da suka zo baya sun iya karanta su, su gwada, su ga inda aka kuskure. Abubakar Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya rubuta littafi guda a kan wuraren da yake shakkar maganar Jalinus. Ibn Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya nuna cewa babu ƙofa a bangon zuciya, ta huhu jini yake zagayawa. A 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana yadda jini yake kewaya jiki duka. A 1880, a ƙasar Aljeriya, wani likitan Faransa ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin majiyyaci. A 1897, a ƙasar Indiya, aka gano ta cikin cikin sauro. Haka ilimi yake tafiya. Wani ya rubuta, wani ya karanta, ya ƙara nasa, ya miƙa gaba.

Ilimin ya iso ƙasarmu

Littattafan magani na Larabci sun ƙetare Sahara tare da fatake da alhazai da almajirai. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. A can Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya karanta littattafan magabata, ya rubuta nasa a kan magani. Akwai na ciwon ido, akwai na basur.

A 1824 wani Baturen Birtaniya, Clapperton, ya ziyarce shi. Cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Da Baturen ya komo a 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wanda aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Uƙlidis nan mutumin Yunan ne, kuma Is'haƙu ɗan Hunainu yana cikin waɗanda suka juya littafinsa zuwa Larabci.

Ƙanwar Bello, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ma ta yi aikin fassara. Ta juya waƙoƙin ilimi daga Fillanci zuwa Hausa don talakawa su ji. Ta naɗa jajoji, mata masu shiga ƙauyuka suna koyar da ƴan'uwansu mata. Ita ma ta gane cewa ilimin da mutum bai ji harshensa ba bai iso gare shi ba tukuna.

Abin da ya shafe ka

Yau magani yana zuwa mana cikin kwali da kwalba, rubutun jikinsa da Faransanci ko Ingilishi. Akwai gidan likita a garuruwanmu. Akwai asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Amma daga hannun likita zuwa bakin majiyyaci akwai tazara. A gida ake shan magani, likita ba ya nan. Wanda ya iya karatu a gidan, shi ne tafinta. Daga yanzu kai ne, ke ce. To, ku ɗauki halin Hunainu.

Ka tambaya. In likita ya ba ka magani, ka ce ya faɗa maka da Hausa: ƙwaya nawa, sau nawa a rana, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa. Kada ka ji kunya ka sake tambaya.

Ka rubuta. Ka je da littafinka da fensir, ka rubuta amsar da hannunka. Ka karanta wa likita ya ji, ya tabbatar daidai ka rubuta.

Ka duba lambobi. A jikin kwali akwai wata da shekarar da magani yake daina aiki. Sau da yawa za ka ga haruffa uku, EXP, sai lambobi a gabansu. In ka ga 03/2024, wato watan uku na shekarar 2024, lokacinsa ya wuce, kada a sha.

Kada ka yi zato. Awon babba daban, awon yaro daban. Ƙwayoyi biyu sukan yi kama a launi, aikinsu ya saɓa. Ƙwayar da ake tallarta a faranti cikin rana, ba kwali ba suna, ba ka da abin da za ka karanta a jikinta, ka bar ta. In ka karanta ba ka gane ba, ka koma wurin likita.

Ka cika kwanakin da aka faɗa. Ko zazzaɓin yaro ya sauka a rana ta biyu, a ba shi sauran maganin har ya ƙare. Ido kuwa kada a ɗiga masa kome, kada a bari kowa ya soke shi, sai likitan ido ya duba. Yanar ido tana da aiki a asibiti, mutum ya koma yana gani.

Ka riƙe amana. In maƙwabci ya kawo maka takardarsa ka karanta masa, ka faɗi abin da yake ciki, ba ƙari ba ragi. Inda ya fi ƙarfinka ka ce masa ya fi ƙarfinka, ku je wurin wanda ya sani. Sirrin ciwonsa kuma ya tsaya tsakaninku.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Me ya sa malamin Hunainu ya kore shi, kuma me ya yi bayan an kore shi?
2. Don me yake tara kwafi da yawa kafin ya fara fassara?
3. Waɗanne abubuwa biyu suka hana shi haɗa guba?
4. Ku kawo wasu kalmomin ciwo na Hausa waɗanda baƙo zai iya juya su ba daidai ba.

Aikin gida: kowa ya nemi kwalin magani guda a gidansu, ya kwafi sunan maganin da lambobin wata da shekara cikin littafinsa, ya kawo wa malami a duba tare.

Allah ya ba mu lafiya, ya ƙara mana sani mai amfani. Sai mun sadu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.